Ƙwanƙwasa Bangonka Ka Ji

Damina uku kacal gidana ya gani, uwargida ta fara kawo mini ƙarar bango. Kullum in ta yi sharar safe sai ta tara yashi a gindin katangar tsakar gida, kamar cikin tafi biyu, gobe haka, jibi haka. Da farko na ce iska ce ke kawo shi. Ta ce, "Malam, iskar da za ta ɗebo yashi ta jera shi a gindin bango ɗaya ta ƙyale sauran ukun, ai wannan sai dai aljana." Na tashi na je na shafa. Fenti yana nan da kyansa, ruwan madara, amma inda ya ɗan ɗaye, ina murzawa da ɗan yatsa sai ga yashi yana tsiyaya kamar gero daga hujin buhu.

Na aika aka ɗauko mini wani tsohon magini da duk unguwarmu ta cikin birni ke kira Baba. Shi ya yi wa mahaifinmu filastar ɗakuna biyu na bulo da ya ƙara a gaban gida da kuɗin ƙarin albashi na Udoji, a 1975, ina ɗan firamare. Yanzu ya doshi tamanin, ya daina hawa tsani, jikansa ne ya goyo shi a babur. Bayan mun gaisa ya sha ruwa, bai tambaye ni komai ba, sai ya ce in ba shi makullin ɗakina. Ya kama bango daga kusurwa, yana tafe yana ƙwanƙwasawa da gindin makullin, kunnensa a karkace. Wani wurin ka ji ƙas-ƙas, sautin abu mai tauri. Wani wurin kuwa sai ka ji fam-fam, kamar an buga busasshiyar ƙwarya a kife. Duk inda ƙwarya ta amsa sai ya kewaye da gawayi. Kafin ya kai ɗaya kusurwar, katangata ta koma kamar taswirar ƙananan hukumomi.

"Buhu nawa ka saya wa filastar gidan nan?" Na gaya masa. Ya ɗaga kai ya ƙirga ɗakuna, ya ce, "Bai yi kaɗan ba, in dai duka bango ne ya sha." Ya ɗan murmusa. "A wane wata aka yi?"

"Janairu, Baba."

"Tsakiyar hunturu ke nan. Kwana nawa kuka ba shi ruwa?"

Nan bakina ya mutu. Na tuna sarai. Ranar Alhamis aka gama shafe, ranar Litinin mai fenti ya shigo, saboda kuɗin hayata na ƙarewa a ƙarshen wata kuma mai gidan ya riga ya karɓi kuɗin wani. Na kuma tuna da yammacin da birkila ya ce mini a sa 'yan garuwa su riƙa kawo kura biyu kullum don jiƙa bango, ni kuwa na dube shi na ce a raina, wata ƙofar cin kuɗi ce ya buɗe. An gama aiki, ruwan me kuma? Don haka duk abin da zan faɗa a nan, da kaina na fara. Ba daga kan mumbari nake magana ba, daga gindin katanga mai zubar da yashi nake.

Bayan tafiyar Baba na je gidan mahaifinmu da gangan, da ƙusa 'yar inci uku da guduma. Na ɗora ta a bangon nan na 1975 na buga. Ƙusar ce ta lanƙwashe. Ba fenti a jikinsa sai tsohuwar farar ƙasa da ta koɗe, yara sun yi shekaru suna buga masa ƙwallo, awaki sun goga jiki, an jingina itace da turmi, amma ko tsagewar gashi babu. Simintin zamanin da jirgin ruwa ake shigo da yawancinsa, a shekarar ne ma jiragen siminti suka toshe tashar Legas har aka yi ta surutu, wani buhun sai ya yi watanni a kan teku kafin ya iso Arewa. Yau ga masana'antar siminti ta Kalambaina a Sakkwato tana aiki tun 1967, ga ta Ashaka tun 1979, ga ta Gboko, ga ta Obajana, ga ta Malbaza a Nijar. Siminti yana iso mu da ɗuminsa. To me ya sa na da ya fi na yanzu riƙo?

Amsar da na samu ita ce, waɗanda suka fara shafa siminti a ƙasar Hausa 'ya'yan laka ne. Kafin su taɓa buhun siminti sun yi shekaru suna taka ƙasa da ƙafa, kuma laka ba ta san sauri ba. Ana haƙo jar ƙasa a jiƙa, a zuba ciyawa ko kashin doki, a tattake, a bar ta ta kwana ta tsima, a dawo a sake jiƙawa a sake takawa, sai ta yi danƙo sannan a ce ta isa yaɓe. Ana dafa ko jiƙa ɓawon ɗorawa a sami makuba, a kwaɓa da ita don ruwan sama ya zame. Mai hali kuwa laso ake yi masa: a kwaso katsi daga gindin karofi a ƙone a daka, a haɗa da gashin jima da dafara, a shafe soro da shi. Da lason nan ake shafe cikin rijiyoyin marina irin na Ƙofar Mata, ruwa ya zauna a ciki watanni bai tsiyaye ba. Ga cafe, wanda ake danna ƙananan tsakuwa a jikin ɗanyen yaɓe. Kowanne da lokacinsa, kowanne da kwanakinsa, kuma ba a fara gini sai ruwa ya ɗauke. Mata ma da nasu rabon, domin daɓen ɗaki aikinsu ne, suna bugawa suna waƙa suna yayyafa makuba har ƙasa ta yi sheƙi.

Sana'ar kuma tana da iyaye. Akwai Sarkin Magina a manyan birane, wanda in aiki ya ɓaci ake kai masa ƙara, ya kira magini ya tsayar da shi a gaban 'yan'uwansa. Ana sanin hannun mutum a bango kamar yadda ake sanin hannun malami a allo. Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajejen 1830 da wani abu, kuma har yau akwai unguwa da sunansa a birnin. A Yama ta jihar Tawa a Nijar, Falke Barmu ya fara masallacin garinsu da laka a 1962, aikin da ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Da siminti ya shigo, irin waɗannan hannuwa ne suka karɓe shi. Duk wanda ya zaga Tudun Wadan Zariya, ko tsofaffin unguwannin Kano, ko Birni da Zango a Damagaram, ya ga fuskokin gidajen da aka yi wa zane tun shafen yana ɗanye: dagi, takobi, keke, agogo, har jirgin sama. Mai zanen nan dole ya san minti nawa shafe ke ɗauka kafin ya ƙi karɓar wuƙa. Tun ran gini ran zane, da gaske ake faɗarta a wurinsu, ba don ƙawata zance ba.

Wani abu guda ne laka da siminti suka saɓa a kansa, kuma tsofaffin nan sun gane shi da wuri, mu ne 'yan boko muka kasa. Laka tana yin ƙarfi ne in ruwa ya fita daga jikinta. Siminti kuwa sai ruwa ya zauna a jikinsa. Garin nan mai ruwan toka haɗuwa yake yi da ruwa a hankali, yana fitar da wasu ƙananan saiwoyi da ido ba ya gani, su sarƙe ƙwayoyin yashi su ɗaure su. Aikin nan ba na yini ɗaya ba ne. A mako na farko yake samun wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, kuma injiniyoyi sai ranar kwana 28 suke auna shi su ce ya nuna. In ruwa ya tsere a kwana na biyu, aikin ya tsaya inda ya tsaya, ko teku ka kawo daga baya ba zai koma yadda ya kamata ba. To ka dubi filasta: kaurinta bai wuce kaurin ɗan yatsa ba, milimita 12 zuwa 15 a cikin ɗaki, a baya bulo mai ƙishirwa yana tsotse ta, a gaba iskar hunturu wadda ke fasa leɓe da dunduniya tana lasar ta. Wanki ma da aka shanya a Janairu kafin a gama cin abinci ya bushe. Shi ya sa ake jiƙa bulo tun kafin a watsa masa kwaɓi, shi ya sa kuma ake bin bango da ruwa safe da yamma har kwana bakwai. Ruwan nan shi ne mafi araha a cikin duk kayan gini, kuma shi muka fara yankewa.

Sai yashi. A da magini da kansa yake zuwa bakin kogi ko inda tifa ta juye, ya damƙi yashi ya matse ya buɗe hannu. In ya bar masa jan shafi a tafi, ya ce a mayar. Yanzu ta waya ake sayen yashi, direba ya zo da dare ya juye ya tafi, da safe a tarar rabi ƙasar gona ce da saiwoyi da ƙullin leda. Baba ya nuna mini gwajin da ko yaro zai iya. Ya sa aka kawo gorar ruwa ta roba, ya zuba yashi zuwa rabi, ya cika da ruwa, ya girgiza sosai ya ajiye a inuwa. Bayan 'yan awoyi yashi ya kwanta a ƙasa, laka ta kwanta a samansa, layi ya fito ɓaro-ɓaro kamar an ja da alƙalami. Ya ce in lakar ta doshi kashi ɗaya cikin goma, wannan ba na filasta ba ne. Abin haushin shi ne birkiloli da yawa sun fi son mai lakar, domin ya fi santsi a cokali, ya fi saurin kama bango, hannu ba ya gajiya. Daɗinsa na ranar aiki ne. Laka tana shan ruwa da yawa, in ta bushe ta tsuke, bango ya yi tsaga-tsaga kamar gindin tafki a watan Maris. Rariyar waya da ake jinginawa a tace yashi kuwa, yaushe rabon da ka gan ta a bakin gini?

Awo ma ya tafi. Buhun siminti kilo 50 ne, kwano biyu ke nan na irin kwanon da leburori ke ɗauka a ka. Filastar cikin ɗaki ana yi mata ɗaya bisa shida, wato buhu ɗaya yashi kwano goma sha biyu, baro uku. Ta waje da ke fuskantar ruwa ana ƙara mata ƙarfi, ɗaya bisa huɗu ko biyar. Ɗaki mai ƙafa 12 kowace fuska yakan ci buhu uku zuwa huɗu in bangon a miƙe yake. Wannan lissafin ba sirri ba ne, kowane birkila ya san shi. Amma je ka tsaya a bakin gini ka gani. Yaro ne da shebur yake ta watsa yashi a tsibi, babu mai ƙirgawa, sai oga ya leƙo ya dubi launi ya ce ya isa. In mai gida ba ya nan, baro uku ya zama biyar, buhun da ya yi saura kuma ya bi bayan babur da magariba. A jikin kowane buhu akwai lamba, 32.5 ko 42.5, mai nuna ƙarfinsa. A 2014 har hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa ta fitar da ƙa'ida a kan wanne ya dace da wane aiki, aka yi ta muhawara a jaridu. Ban taɓa ganin mai gida ya juya buhu ya karanta ba, ni ma ban juya ba.

Akwai wata ɓarna da nake gani da idona a kusan kowane gini, ita ce ta bayan Azahar. Da hantsi a kwaɓa buhu uku lokaci guda don kada lebura ya yi ta wahala. A ci rabi, a tafi salla da cin abinci, a ɗan kishingiɗa. Kafin a dawo awa biyu ta wuce, kwaɓi ya fara kamawa. Sai a kwara masa ruwa, a farfasa da shebur, ya koma kamar sabo. A ido sabo ne. Amma saiwoyin nan da suka fara sarƙewa an tsinka su, abin da aka shafa wa bango gawar siminti ce. Sannan don fuska ta yi sheƙi, sai a barbaɗa busasshen siminti a sama a goge da cokali har ta yi kamar madubi. Mai gida ya zo da yamma ya shafa ya ce, "Kai, wannan yaro gwani ne." Ɓawon ƙwai aka yi masa a kan garin rogo.

Kada a ce na ɗora wa birkila kaya duka. Yawancin abin da yake yi mu muka koya masa. Mun daina biyan yini, mun koma jinga: ɗaki kaza, nawa za ka yi? Ya faɗi kuɗi, mu raba biyu, mu ce akwai wani a bayan layi da ya yarda da ƙasa da haka. Wanda aka yi wa jinga a kan kuɗin da bai kai ba, ribarsa tana cikin sauri, kuma duk abin da filasta ke so, jiƙa bango, tace yashi, kwaɓa kaɗan-kaɗan, shafi biyu a waje da tazarar kwanaki a tsakani, abokin gabar sauri ne. Ga kuma halinmu na riƙe haƙƙi. Mutum ya yini a rana siminti yana cin tafin hannunsa, ya ɗaure yatsu da tsumma da leda don ba safar hannu, da yamma a ce masa Alhaji ya yi tafiya, ya dawo Juma'a. Wanda ya san sai ya yi sintiri kafin a biya shi, da wace zuciya zai dawo gobe da bokiti ya shayar da bangonka kyauta? Na san siminti ya yi tsada. A farkon 2024 buhu ya haura naira 10,000 a garuruwa da yawa, mutane da dama suka dakatar da gini. Amma mutumin da ya rage buhu ɗaya a kowane ɗaki, shi ne za ka ga ya sayi ƙofar ƙarfe ta waje mai ado da fitilu masu canza launi. Kuɗin yana nan, wurin da ido ke gani aka kai shi.

Sau da yawa ma filasta tana biyan bashin da ba ita ta ci ba. Bulo ne wanda za ka murje kusurwarsa da yatsa. An jera shi ba igiya ba ma'auni, bango ya yi ciki a nan ya yi ƙusumbi a can. Sai a ce mai filasta zai gyara. Inda ya kamata a sa kaurin yatsa ɗaya sai a lafta na yatsa uku a tashi guda, nauyinsa ya ja shi ƙasa tun yana ɗanye, ya rabu da bulo ta ciki. Ga ƙwaryar da makullin Baba ya gano. Inda ginshiƙin kankare ya haɗu da bulo, a da ana sassara kankaren ko a watsa masa ruwan siminti da yashi ya yi kaushi ya kwana, a kuma ɗora 'yar ragar waya a kan mahaɗar, domin su biyun ba tare suke miƙewa da tsukewa ba in zafi da sanyi sun sauya. Yanzu ba a yi, shi ya sa za ka shiga sabon gida ka iya nuna inda kowane ginshiƙi da kowace linta suke, tsaga ta zana maka su. Bayan an gama kuma sai mai wayarin ya tuna bai binne bututu ba, ya zo da kurfi da guduma ya tsaga sabon shafe daga sama har ƙasa, a toshe da ragowar kwaɓin jiya.

Duk wannan zamani ya samo masa mayafi. A bi bango da farin shafin nan mai laushi da ake yi kafin fenti, a goge da takarda mai kaushi, a kawo fenti mai sheƙi, a ɗaura silin na fi'ofi da fitilu a ciki. Masu gina gida don sayarwa sun fi kowa ƙwarewa a nan: gida ya yi kyau ranar da mai saye zai zo, ya kuma jure har a sa hannu a takarda. Haka ajujuwan makarantu da ɗakunan shan magani na kwangila, a yanke kyalle a ɗauki hoto, damina biyu a dawo a tarar bulo yana leƙe. Mun saba cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yanzu ƙadangare ba ya ma jira, tare da mai gida suke tarewa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da ake yi wa gidajen ƙasa. Mutum ya sami ɗan kuɗi, yana jin kunyar jan bango, sai ya sa a lulluɓe shi da siminti. Su biyun ba sa jituwa. Laka tana numfashi, tana shan laima ta fitar; siminti kuwa ya toshe ta. Tsofaffin da suka yi irin wannan aikin a Zariya da Kano sun san haka, shi ya sa sukan bar bango ya bushe sarai, su kafa masa ƙusoshi ko tsakuwa ko raga don shafen ya sami abin kamawa, su gyara indararo don ruwan soro ya faɗa nesa, su yi dakali a gindi, kuma kowace shekara kafin ruwa ya sauka a zaga a toshe duk wata tsaga. Yanzu a shafa kawai a tafi. Ruwa ya sami ƙofa ta sama, ya shiga tsakanin siminti da laka, ba hanyar fita. Daga waje bango lafiya lau, a ciki ya zama kunu. Yaɓen laka in ya gaji yana nunawa, mai gida ya gani ya gyara. Wannan kuwa ba ya gargaɗi, sai dai wata ranar Agusta cikin dare a ji rugugi. Kowace damina muna jin irin labarin a rediyo, mu yi salati mu wuce.

Gidajen bulo ma ba su tsira daga laima ba. Dubi gindin katangu a unguwannin da ke kusa da fadama ko inda aka cike kududdufi aka yi gini: fenti ya kumbura, wani farin gishiri kamar kanwa ya fito, filasta tana ruɓewa daga ƙasa zuwa gwiwa. Ruwan ƙasa ne ke hawa ta cikin bulo saboda ba a sa abin da zai tare shi a kan harsashi ba. Maganin da muka ƙirƙiro shi ne manna tayil zuwa ƙugu, sai laimar ta haura ta fito a saman tayil ɗin. Sabon yayin ɓoye rufin kwano a bayan bango kuma ya raba katanga da 'yar inuwar da bakin kwano ke yi mata, duk ruwan da iska ta kaɗo a jikinta yake sauka.

Na tambayi Baba yara nawa ya yaye. Ya ƙirga da yatsu ya wuce goma sha biyar. Ya ce shi shekara biyu ya yi yana tace yashi da kwaɓi da ɗaukar kwano kafin ubangidansa ya yarda ya riƙe cokali, kuma bangon farko da aka ba shi na bayan gida ne, inda ba mai gani. Sau biyu aka sa shi ya kankare ya sake. Yanzu fa? Ya ce, "Ɗana, yanzu yaro in ya yi wata uku yana miƙa kwano, sai ya sayi cokali da soso, ya sa lambarsa a jikin katanga." Ban ga laifin yaron sosai ba. Abokinsa yana jan A Daidaita Sahu yana komawa gida da kuɗi kullum, wa zai yi shekara biyu a gindin rariya? Mu kuma da muke kukan babu gwanaye, wane ne a cikinmu zai yarda ɗansa ya gama sakandare ya ce gini zai koya? Sakamakon ke nan: a manyan gine-ginen Abuja, har da wasu a Kano da Kaduna, in ana son shafe mai kyau da kusurwa mai kaifi sai ka ji ana cewa a nemo mutanen Kwatano ko na Togo. Jikokin Babban Gwani suna miƙa musu kwano.

Ɗan'uwana birkila, kai ka san abin da ke ƙarƙashin fentin nan, mai gida bai sani ba, kuma saboda rashin saninsa ya ba ka amana. Malamai suna yi mana wa'azin mai tauye mudu da mai algus a kasuwa, muna ɗauka da 'yan hatsi da masu nono ake. Baro biyar a inda aka yi da kai uku, mene ne sunansa? In kuɗin da aka taya bai isa aiki mai kyau ba, faɗa wa mutum a fuskarsa, ya ƙara ko ya nemi wani. Kai kuma mai gida, Alhaji ko Hajiya ko malamin makaranta irina da ya yi shekara ashirin yana tara kuɗin bulo, ba sai ka zama injiniya ba. Gorar ruwa ɗaya ta ishe ka gwada yashi. Tsaya a ƙirga baro a gabanka ko a gaban wanda ka yarda da shi. Sa kuɗin ruwan kwana bakwai a cikin lissafi tun farko, ka ware wanda zai riƙa zubawa, ka biya shi. Kafin ka ba wani aiki, ce ya kai ka gidan da ya shafe shekara biyar da suka wuce, ka tafi da makullinka. Ka biya lebura ranar da ya yi aiki. In kuɗin filasta mai kyau bai samu ba bana, shafe ciki ka shiga, waje ya jira baɗi. Bulo tsirara ya fi filastar da za a biya kuɗin kankarewa.

Ni dai na biya. Bayan ƙaramar Salla aka kankare katangar tsakar gida har bulo, yashin da ya fito ya cika baro tara. Ɗaya daga cikin yaran da Baba ya yaye, shi ma yanzu da furfurarsa, shi ya karɓi aikin, a kan kuɗin yini. Baba ya sa aka ajiye masa kujera a inuwar darbejiya, yana zaune da carbi yana ƙirga baro. Tifar farko ya sa aka mayar da ita. An jiƙa bulo tun da daddare, an kwaɓa buhu ɗaya-ɗaya, an yi shafin farko aka karce shi aka bar shi ya kwana uku kafin na biyu. Aka rataya tsofaffin buhunan algarara a jikin bangon, autana ya karɓi aikin jiƙa su kafin ya tafi makaranta da bayan La'asar, ana ba shi ɗari biyu kullum, yana ta murna.

Mai fenti ya zo sau biyu da bokitansa. Na farko Baba ya ce masa bango yana shan ruwa. Na biyu ya ɗora tafin hannu a jikin shafen, ya ɗan jima, ya ce har yanzu da sanyi a cikinsa, ya je ya dawo bayan Babbar Salla.